Kacici-kacici a Talabijin, da Namu na Aji

Da can, in an ci tuwon dare, yara su kan kewaye tsohuwa a tsakar gida. Ta ce, "Ƙulin ƙulifita." Su ce, "Gauta." Sai ta jefo musu kacici-kacici. Wanda ya kasa, sai ya ba da gari.

Wannan wasa bai mutu ba. Ya shiga akwatin talabijin, ya yi kuɗi. A Nijeriya an fara talabijin a Ibadan cikin 1959, aka buɗe na Kaduna cikin 1962. Tun daga nan a kan tara mutane, ko 'yan makaranta, a yi musu tambayoyi jama'a suna kallo.

Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan wasanni shi ne Who Wants to Be a Millionaire, watau "Wa ke so ya zama mai miliyan?" An ƙago shi a Ingila cikin 1998. An fara na Nijeriya cikin 2004, da Turanci, mai yin tambayar kuwa sunansa Frank Edoho. Ga yadda dokarsa take a shekarun farko. Mutum ɗaya zai hau kujera. Tambaya 15 ce ke gabansa. Ko wace tambaya a kan rubuta ta, a rubuta amsa huɗu a ƙarƙashinta, ɗaya gaskiya, uku ƙarya. In ya ci, kuɗinsa ya ƙaru. In ya faɗi, ya sauka, mafi yawan abin da ya tara ya zube. Yana da taimako uku: ya buga wa abokinsa waya, ko ya tambayi 'yan kallo, ko a share masa amsa biyu na ƙarya. Kuma yana da ikon ya ce, "Na tsaya nan," ya ɗauki abin da ya samu ya tafi gida. Cikin 2009 wani mutum, Aroma Ufodike, ya amsa duka 15, ya tashi da naira miliyan 10.

Ku lura da abu biyu. Na fari, a rubuce tambayar take zuwa. Na biyu, wasan nan ba yawan sani kaɗai yake gwadawa ba. Yana gwada ko mutum ya iya raba abin da ya sani da abin da yake tsammani. Da yawa sun zubar da kuɗi mai yawa don sun kasa cewa, "Ban sani ba."

To, ga labarin yadda aka kwaikwayi wasan nan a wani aji na ƙasar Ɗambatta, da kaka, bayan an gama yankan gero.

Malamin aji ba shi da miliyan. Sai ya sayo goro. Ya ce tambaya bakwai ce. Ta fari goro 1, ta biyu 2, ta uku 4, haka za a yi ta ninkawa. Wanda ya faɗi, ya rasa duka. Kuma tilas mutum ya karanta tambayar da bakinsa daga allo. Samari suka noƙe. Wani dattijo, wanda ya shiga aji bara, ya tashi ya zauna bisa turmin da aka kifa.

Malam ya rubuta ta fari. Dattijo ya bi ta da yatsa, baƙi baƙi, har ya kai ƙarshe. "Wane itace ne ya kan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani? Kuka, ɗorawa, gawo, tsamiya."

Aji ya fashe da dariya. Dattijo ya ce, "Haba Malam! Gawo mana. Uku gare ni a gona."

Malam ya ce, "Baba, kada ka raina ta. Akwai mai digiri a birni da zai yi gumi a kanta."

Gaskiyar Malam. Manomin ƙasar Kano ya san gawo ba ya yi wa shuka inuwa da damina. Ya san ganyen da ya zubar taki ne, ga kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa. Shi ya sa geron gindin gawo ya kan fi na tsakar gona. Wannan ilmi ne, ko da ba a littafi aka samo shi ba.

Ta biyu: "Ran da aka sake kuɗi, fam ɗaya naira nawa ya zama?" Dattijo bai ko duba amsoshin ba, ya ce biyu. Yana yaro aka yi abin. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo. Sule ɗaya ya zama kwabo 10.

Ta uku tarko ce. "Kazaure a wace jiha take? Kano, Katsina, Jigawa, Kaduna." Wani yaro a baya ya yi raɗa, "Kano." Dattijo ya juya ya harare shi, ya ce, "Jigawa. Da dai tamu ce." Haka ne. An kafa Jihar Kano ran 27 ga Mayu, 1967, Audu Baƙo ne gwamnanta na fari. A lokacin Kazaure da Haɗeja da Gumel duk suna ciki. Cikin 1991 aka yanke Jigawa, suka bi ta. Kun ga amsar da take daidai a wata shekara ta kan zama kuskure a wata.

A ta huɗu dattijo ya daɗe yana shafa gemu. "A wace shekara hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano? 1903, 1911, 1925, 1960."

Ya ce, "1960 dai ta mulkin kai ce, wannan na sani. Sauran ukun duk kamarsu ɗaya a wurina. Zan nemi aboki." Ya kira wani tela wanda ya fi kowa son karatu a ajin. Tela ya ce, "Baba, 1911 ce. Na karanta." Dattijo ya ce, "Ka karanta, ko ka ji an ce?" Tela ya ce, "Da idona." Dattijo ya bi shi, ya ci goro 8.

Malam bai zaɓi shekarun nan a banza ba. Cikin Fabrairu, 1903, sojan Turawan Ingila suka ci birnin Kano, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Cikin 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, guda uku, daga Masar suka taso. Amma 1911 ita ce ta taɓa gonakinmu. Turawa sun so a noma auduga a kai musu a jirgi. Manoman Kano suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, in kuma ba ta sayu ba a ci ta. Sai suka dinga noma gyaɗa. Jakuna da raƙuma suka yi ta kai ta birni, har daga baya aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa. Yau babu dalar, sai hotonta.

Ta biyar ba ta ba shi wuya ba: sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi. Ya ce Rumfa. Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, gidan sarki ma har yanzu da sunansa ake kiransa. Goro 16.

Sa'an nan Malam ya rubuta ta shida. "Ruwan saman da ya kwarara daga gonakinmu, ina ya nufa? Kogin Kwara, Kogin Binuwai, Tafkin Chadi, Bahar Maliya."

Dattijo ya ce a tambayi jama'a. Malam ya ce mai cewa Kwara ya ɗaga hannu. Kusan duk aji suka ɗaga, don Kwara ce kogin da kowa ya san sunansa. Biyu tak suka ce Chadi.

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce, "Ku gafarce ni, 'yan'uwa. Ina saurayi na yi fatauci da jaki wajen gabas. Duk rafin da na ƙetare, gabas na ga ya sa gaba. Kwara kuwa na ji masu zuwa Ikko a can suke haye ta. Ruwa ba ya komowa baya. Chadi."

Malam ya ce, "Baba, jama'a fa sun fi ka yawa. Ka tsaya a kan haka?"

Ya ce, "Na tsaya."

Malam ya warware taswira, ya manna a bango. Aka matso da fitila. Ga Kogin Tomas da na Gari da na Jakara, duk sun nufi fadamun Haɗeja. Ga Kogin Kano da Calawa sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gamu da na Jama'are wajen Gashuwa, suka zama Kogin Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar har Tafkin Chadi. Ba duk ruwan ke isa can ba. Madatsai su tare wani, fadama ta sha wani, rana ta ƙone wani. Amma hanyarsa ke nan. Masu ɗaga hannu suka yi ta bin layin da yatsa suna karanta sunayen garuruwa. Dattijo yana da goro 32.

Saura ta ƙarshe. Malam ya fito da wani tsohon buhun takin kamfa, ya rataya kusa da allo. "An rubuta 15-15-15 a jikin buhun nan. Mene ne nufinsa? Kuɗin buhu. Ranar da aka yi shi. Yawan abincin shuka iri uku da ke ciki. Mudun da za a zuba a gona."

Dattijo ya dubi buhun. Shekara nawa yana ɗaukar irinsa a ka daga kasuwa, bai taɓa tambaya ba. Ya ce a share biyu. Malam ya goge kuɗin buhu da ranar yi. Saura abincin shuka da mudu.

Samari suka yi ta zuga shi, "Baba, faɗi ɗaya! Goro 64 ne fa!"

Ya ce, "Zuciyata ta fi karkata ga mudu. Amma gawo na sani, ruwa na gani, wannan kuwa tsammani ne. Malam, ba ni goro na 32."

Da ya bi zuciyarsa da ya tashi hannu wofi. Lambobin nan yawan abincin shuka ne. Ku duba baƙaƙen da ke tare da su: N, P, K. N shi ke sa ganye ya yi kore, shuka ta tashi. P shi ke taimakon saiwa. K shi ke ƙarfafa kara, ya taimaka ƙwaya ta cika. Ko wane 15 yana nufin kashi 15 cikin 100. Watau a buhu mai kilo 50 akwai kilo bakwai da rabi na ko wane ɗaya. Wani kamfan za ku ga an rubuta 20-10-10, N ɗinsa ya fi yawa, sauran biyun sun ragu. Yuriya kuwa 46 a kan rubuta, N ne zalla, kilo 23 a buhu, babu P babu K. Dawa da gero da masara suna son N ƙwarai. Gyaɗa da wake su kan samo nasu daga iska ta wurin ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu, don haka P suka fi bukata, irin na takin supa. Wanda ya zuba wa gyaɗarsa yuriya mai yawa ya sayi ganye da kuɗinsa.

Dattijo ya raba goronsa ga 'yan aji, ya ba tela huɗu. Ya roƙi Malam aron buhun, ya naɗe shi ya sa a hammata. Ya ce akwai ragowar buhu biyu a zaurensa, zai gwada lambobinsu da na wannan tun da safe.

Aiki

Rubuta kalmomin nan sau uku uku: gawo, goro, buhu, taswira, gyaɗa, tambaya.

Da dattijo ya ci ta bakwai, goro nawa zai rage masa ya cika ƙwarya, watau 100? In tambaya goma ce ana ninkawa haka, ta goma goro nawa ce?

Daga 1911 zuwa 1967 shekara nawa ne?

Ka duba buhun takin da ke gidanka, ko na maƙwabcinka. Kwafo duk abin da aka rubuta a jikinsa, ka kawo aji. Ka zo kuma da tambaya ɗaya a rubuce, da amsa huɗu a ƙarƙashinta, wadda ka tabbata ka san gaskiyarta.