Amsa Ga Mai Son Zana Ƙauye Da Fentin Mai

Salon da masu zane Cézanne da Van Gogh suka bi a kudancin Faransa wajajen 1888, maƙasudinsa shi ne mai zane ya fifita launin da zuciyarsa ta ji a kan kamannin zahiri. To, in ka zauna da la'asar gaban rumbunan dawa da gonar auduga, waɗanda jumhurun malamai suka halatta zana su, ka fara shimfiɗa fenti tsararo, ka yi haƙuri ya sha iska, sa'an nan ka ɗora mai kauri, domin fentin mai yana jinkirin bushewa. In kana son ƙarin ilimi, ana koyar da fannin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.