Waƙar da Ke Cikin Wayar Gidanmu: Tamu Ce ko ta Aro?

Darasinmu na wannan mako a kan sauraron waƙa ta intanet ne, kuma akwai lissafi a ciki, don haka wanda ke da biro ya matso kusa.

Abin da ya jawo wannan darasi

Gardama ce ta tashi a taronmu. Wata daga cikinmu ta ba mu labari cewa yayanta ya tara waƙoƙi masu yawa a wata manhaja da yake biyan kuɗinta duk wata. Da wata ya ƙare bai samu kuɗin sabuntawa ba, sai ya tarar waƙoƙin da ya sauke duk sun ƙi buɗuwa. Sunayensu na nan, amma ko ɗaya ba ta tashi in babu data. A gidan nan kuwa kakansu yana da kwalin kaset na Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da ya saya tun kafin a haifi yayan, kuma har yau in an sa batir a rediyo suna yi.

Sai wasu suka ce ai kaset ya fi. Wasu suka ce manhaja ta fi, tunda waƙoƙin cikinta ba su ƙirguwa. Wani kuma ya ce duk wahala ce, shi wajen mai tura waƙa yake zuwa a cika masa memori. Malamin da ke kula da ƙungiyarmu ya ce mu daina musu mu je mu bincika, amma mu riƙe tambayoyi biyu. Ta farko: waƙar ta zama tamu? Ta biyu: wanda ya yi waƙar ya samu wani abu?

Hanyoyi uku na samun waƙa

Hanya ta farko ita ce saye. Ka ba da kuɗi sau ɗaya a ba ka kaset ko faifan sidi na asali. Kana iya ajiyewa, ka ba da aro, har a gada. Illarsa ita ce zaren kaset yana harɗewa ko ya tsinke, faifai kuma yana karcewa.

Hanya ta biyu ita ce turawa. Ka kai waya ko memori wajen mai kwamfuta a kasuwa, ko abokinka ya turo maka ta Xender ko Bluetooth. Waƙar tana zama a wayarka, ba ruwanka da data.

Hanya ta uku ita ce sauraro kai tsaye ta intanet. Waƙar tana ajiye a manyan kwamfutocin kamfani, wayarka tana janyo ta kaɗan-kaɗan kana ji. Ko dai ka ji kyauta ana katse ka da talla, ko ka riƙa biyan kuɗin wata a cire maka tallan.

Manhajojin da aka fi sani

Spotify daga ƙasar Suwidin yake. Ya fara aiki a 2008, amma bai shigo Nijeriya ba sai a watan Fabrairun 2021. Yana da ɓangaren kyauta mai talla da ɓangaren biya.

Apple Music ya fara a 2015. Shi ba shi da ɓangaren kyauta, sai ɗan lokacin gwaji, daga nan sai biya.

Boomplay ma a 2015 ya fara, kuma yana da alaƙa da kamfanin Transsion mai wayoyin Tecno da Infinix da itel. Shi ya sa mutane da yawa suke tarar da shi a cikin sabuwar waya tun daga kwali.

Audiomack an kafa shi a Amurka a 2012. Matasa suna son sa domin ana iya sauke waƙoƙi da yawa a cikinsa kyauta, kuma sabon mawaƙi yana iya ɗora waƙarsa da kansa.

YouTube kuwa kowa ya san shi, kuma can ne mawaƙan Hausa da yawa suke sakin sabuwar waƙa. Sai dai bidiyo ya fi murya zalla cin data nesa ba kusa ba.

A nan akwai abin da mutane suke mantawa: ko manhajar kyauta ce, data ba kyauta ba ce. Mun yi lissafi da matsakaicin ingancin sauti na Spotify, wanda yake jan kilobait kusan 12 a kowace daƙiƙa. A awa ɗaya akwai daƙiƙa 3,600. In ka ninka 12 sau 3,600 za ka samu 43,200, wato kusan megabait 43. Mai jin awa ɗaya kullum zai ƙone fiye da gigabait ɗaya a wata. Wannan kuɗin kamfanin layin waya ne yake cinsa, ko kwabo ba ya zuwa wajen mawaƙi.

Yadda ake raba kuɗin

Da farko mun ɗauka cewa in ka biya kuɗin wata, kuɗinka yana tafiya ne wajen mawaƙan da ka saurara. Ashe a yawancin manhajojin ba haka ba ne. A Spotify, alal misali, ana tara kuɗin wata da na talla na kowace ƙasa a tukunya ɗaya. Kamfani ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran kashi biyun a raba wa masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Kuma ba a ƙirga sauraro sai waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana tashi.

Ga misali da muka ƙirƙira da ajinmu don a gane. A ce mu 30 ne, kowa ya biya naira 1,000. An tara naira 30,000. Kamfani ya cire naira 10,000, saura naira 20,000. A wannan watan duka ajin mun saurari waƙa sau 10,000. Ke nan kowane sauraro ya tashi a naira 2.

Wani babban mawaƙi da kowa ke yayi an ji shi sau 5,000, sai ya samu naira 10,000. Wani ƙaramin mawaƙi na unguwa kuwa ɗaliba ɗaya ce kawai take jin sa, ta ji shi sau 100, kuma ba ta ji kowa ba sai shi. Nasa rabon naira 200 ne.

To ku duba. Ɗalibar nan naira 1,000 ta biya. Bayan cire kason kamfani, kusan naira 667 ce ta rage a kuɗinta. Mawaƙinta ya samu 200, sauran 467 ta tafi wajen mawaƙan da ba ta taɓa kunna su ba. Da a ce kuɗin kowa yana bin kunnensa ne, da duka 667 ɗin nasa ne. Wannan tsari na biyu akwai shi, domin manhajar SoundCloud ta fara amfani da irinsa a 2021 ga mawaƙa masu zaman kansu, amma manyan kamfanoni da yawa suna nan a kan tsarin tukunya ɗaya.

Ko naira 200 ɗin ma ba lallai ta shiga aljihunsa duka ba. Akwai kamfanin da ya ɗora masa waƙar a manhaja, akwai wanda ya haɗa kiɗa a sutudiyo, akwai wanda ya rubuta baitoci in ba shi ya rubuta ba, akwai kuma wanda ya ɗauki nauyin aikin. Kowa yana da kasonsa bisa yarjejeniyar da aka yi. Shi ya sa yake da haɗari mawaƙi ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kada a yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sauran abubuwa uku da muka gano su ne waɗannan. Na ɗaya, tun daga 2024 Spotify ba ya biyan kuɗin sauraro a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba. Na biyu, sauraro a Nijeriya bai kai na Amurka tsada ba, domin a can kuɗin wata ya haura dala 10, a nan kuwa bai kai dala 2 ba, don haka tukunyarmu ƙarama ce. Na uku, a YouTube ɗaya daga cikin sharuɗɗan fara samun kuɗin talla shi ne mutum ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, sannan a ba shi kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo.

Duk da haka ba za a ce babu kuɗi a harkar ba. Spotify ya sanar cewa a 2024 waƙoƙin mawaƙan Nijeriya sun samar da fiye da naira biliyan 58 a manhajarsa. Amma idan kun tuna misalin ajinmu, kun san wanda zai kwashi mafi yawa.

Mallaka ko haya?

Yanzu mu koma kan yayan ƙawarmu. Abin da ya same shi ba lalacewar waya ba ce, ƙa'idar ke nan. Mai biyan kuɗin wata kamar ɗan haya yake. Muddin yana biya yana cikin ɗaki, ranar da ya daina sai ya fita ba tare da ko bulo ɗaya ba. Waƙar da ya sauke a cikin manhaja a kulle take, ba zai iya tura ta memori ba. A Spotify ma dole ne ya hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba abin da ya sauke ya tafi.

Kuma ko yana biya, waƙa tana iya ɓacewa in mai ita ya janye ta. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta cire waƙoƙinta daga Spotify a 2014 saboda ba ta gamsu da tsarin biyan ba, ba ta mayar da su ba sai a 2017. A tsawon lokacin, masu biyan kuɗin wata ba su da ta cewa, amma wanda ya sayi faifanta yana jin abinsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

To shi mai zuwa wajen mai turawa fa, ya yi nasara ke nan? A tambaya ta farko ya ci, domin waƙar tana hannunsa, sai dai in memori ya lalace ko an sace waya. A tambaya ta biyu kuwa sau da yawa ya faɗi, domin kuɗin da ya bayar yakan tsaya ne a wajen mai kwamfuta. Mun san shi ma abinci yake nema, kuma turawa tana yaɗa sunan mawaƙi har a kira shi biki a yi masa liƙi. Amma akwai bambanci tsakanin waƙar da mai ita ya sake da kansa ya ce a yaɗa, da wadda aka kwafa ana sayarwa bai sani ba.

Doka ma ta yi magana. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa yana nan tsawon rayuwarsa, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Mamman Shata ya rasu a 1999. Ku haɗa 1999 da 70, za ku samu 2069. Ashe waƙoƙin da muke ɗauka na kowa da kowa ne har yanzu suna da magada.

Abin da muka tsayar

Da muka jera hanyoyin uku muka gwada su da tambayoyin malam, ga abin da ya fito. Kaset ko faifai na asali: naka ne, kuma an biya masu aikin, amma yanzu samunsa da wuya. Turawa ba da izini ba: tana hannunka, amma mawaƙi ya tashi a tutar babu. Manhaja: ba taka ba ce, amma mawaƙi yana samun wani abu ko da kaɗan ne.

Mu ɗalibai ba mu da kuɗin wata, wayar ma ta iyaye ce ko ta yayye, kuma an hana kawo ta makaranta. Duk da haka akwai abin da za mu iya. In an ba mu aron waya bayan mun gama aikin gida, mu nemi waƙa a shafin mawaƙin na gaskiya, ba a shafin wanda ya kwafo ya ɗora ba, domin kuɗin talla wajen mai shafi yake zuwa. Mu zaɓi waƙa mai ma'ana wadda ba za mu ji kunyar kunnawa a gaban Baba ba. Kada kuma mu taɓa kuɗin tara ko na mota don sayen data. Sannan duk wanda ke da tsohon kaset a gida ya roƙi manya kada a zubar, a ajiye shi nesa da rana da danshi, domin ba kowace tsohuwar waƙa ce aka ɗora a intanet ba.

Aikin gida ga masu karatu

1. A misalin ajinmu, idan yawan sauraro ya tashi daga 10,000 zuwa 20,000 amma kuɗin bai ƙaru ba, nawa kowane sauraro zai zama? Nawa ƙaramin mawaƙin zai samu?

2. Ɗanmaraya Jos ya rasu a 2015. A wace shekara shekaru 70 ɗin za su cika?

3. Ku tambayi wani dattijo a gidanku yadda yake samun waƙa lokacin yana kamar mu, da yadda mawaƙa suke samun abin kansu a wancan zamani. Ku rubuta mana layi biyar.

A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, a rubuta suna da aji. Amsoshin da suka fi kyau za mu liƙa su a wannan allo mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Don Allah a karanta a bar wa na baya, kada a yage takarda.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, ƙungiyar 'yan jarida.