Filin Shawarwari: Katin da Ya Ƙi Fitowa

Ni ɗalibi ne a jihar Teksas ta Amurka. Duk daren Asabar mukan buga kartar foka da abokan zamana. Makon jiya katuna biyu masu alamar zuciya suka zo hannuna, aka buɗe ukun tsakiya, biyu daga ciki su ma zuciya. Saura ɗaya tak in cika biyar. Abokina, wanda ni na koya masa wasan nan, ya yi ta zubawa ina bi, har abin da ke gabana ya ƙare, katin bai fito ba. Ya kwashe yana dariya a gaban baƙi, wai ban iya ba. Ni da na koya masa! Tun ranar ko gaisuwar kirki ba ma yi. Shin ba maguɗi ya yi mini ba? Kuma yaya zan gyara hannuna bayan an buɗe ukun farko?

Ɗalibi, Teksas

Amsa: Wasiƙar ba ta faɗi ko mene ne ya ƙare ba. Idan dala ce, sunan abin caca, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta rufe wannan ƙofa. Kuɗin da iyaye suka aiko don karatu ba na teburin daren Asabar ba ne. Bayanin da ke tafe na wasan da ake yi da maki ne kawai.

Wasan da aka kwatanta shi ne Texas Hold'em, wanda ake bugawa a gasar duniya ta Las Vegas da aka fara a 1970. Kowa yana riƙe katuna biyu a ɓoye, a buɗe uku a tsakiya, sannan na huɗu, sannan na biyar, ana zubi bayan kowace buɗewa. Ɗan wasa ba ya gyara hannunsa, domin ba shi ke zaɓar katin da zai fito ba. Abin da ke ikonsa shi ne farashin da zai yarda ya biya don ganin katin gaba, kuma a nan mai wasiƙa ya yi sake.

Katunan karta 52 ne, kowace alama tana da 13. Mai riƙe zuciya biyu da ke ganin wasu biyu a tsakiya ya san saura 9 cikin katuna 47 da bai gani ba. Damar fitowar ɗaya daga cikinsu a kati na huɗu kusan kashi 19 ce cikin ɗari. Idan aka haɗa na huɗu da na biyar, ta kai kusan kashi 35. Wato a irin wannan hannu, kusan sau biyu cikin uku katin ba zai zo ba. Babu alamar maguɗi a nan, kuma zargin aboki ba tare da hujja ba ya fi rasa makin muni. 'Yan wasa suna da gajeriyar hanyar ƙiyasi: a ninka adadin katunan ceto, kamar zuciya 9 ɗin nan, sau 2 idan kati ɗaya ake jira, sau 4 idan biyu ne.

Daga nan sai a auna damar da farashi. Idan akwai maki 100 a tsakiya, abokin wasa ya zuba 20, mai bi zai sa 20 cikin jimillar 140, kusan kashi 14 ke nan. Kashi 19 ya fi 14, don haka bi daidai ne. Idan kuwa 100 ya zuba, mai bi zai sa 100 cikin 300, kashi 33, kuma kashi 19 bai kai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da kashi 35 ɗin nan, alhali zubi ɗaya kati ɗaya kawai yake saya. Bayan na huɗu akwai wani zubin, sau da yawa ma ya fi na farko girma. Makin da mutum ya riga ya zuba kuwa sun fita daga hannunsa, ba su zama dalilin ƙara wasu ba. Wanda ya yi ta matsa wa mai jira da manyan zubi ya yi abin da wasan ke buƙata, ko da dariyar da ya yi ba ta dace ba.

Wurin zama ma yana da tasiri. Wanda ke magana a ƙarshe yana ganin abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara, kuma idan babu wanda ya zuba, yana iya ganin katin gaba kyauta. Sannan cika zuciya biyar ba tabbacin cin wasa ba ne: wani na iya riƙe zuciya biyu mafi girma, kuma idan katuna biyu masu lamba ɗaya suka bayyana a tsakiya, mai uku iri ɗaya haɗe da biyu iri ɗaya yana gaba da shi.