Gindin Ayaba da Zazzaɓin Cizon Sauro

Duk mun san ayaba. Muna ganinta a lambunan bakin Kubanni da na Galma, muna kuma sayenta a kasuwar Sabon Gari. Amma galibinmu 'ya'yan kaɗai muka sani. Yau za mu yi karatu a kan abin da ke cikin ƙasa.

Ayaba ba itace ba ce. Abin nan da muke gani tsaye kamar kututture, ɓawon ganyaye ne suka naɗe juna. In an sara shi da adda, sai ruwa. Ainihin jikin ayaba yana binne a ƙasa, wani dunƙule kamar ƙatuwar gwaza. Shi muke kira gindin ayaba. Daga gare shi saiwoyi ke fita, daga gare shi kuma 'ya'ya ke tsirowa. Uwa takan haihu sau ɗaya, a sare ta, ɗiya ta maye gurbinta.

To, gindin nan yana da abokan gāba. Akwai tsutsotsi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, akwai kuma fumfuna. Ayaba ba ta da ƙafar gudu, ba ta da ƙaya. Saboda haka Allah ya hore mata waɗansu sinadarai, da su take kāre kanta. In tsutsa ta huda saiwa, sai sinadaran su taru a wurin raunin.

Ɗaya daga cikinsu mun san shi tuni. Ruwan ayaba in ya ɗiga a farar riga, yakan bar tabo, sabulu ba ya fid da shi. In an ɗanɗana ɗanyar ayaba kuwa, sai baki ya yi bauri. Wannan aikin wani sinadari ne da ake kira tanin. Irinsa ne ke cikin bagaruwa, wadda majema ke jimar fata da ita.

Waɗansu kuma aikinsu hana tsatsa ne. Kun ga yadda fartanya takan yi in an bar ta a waje da damina. Jikin mutum ma yana yin wata irin tsatsa daga ciki, watau ƙwayoyin halittarsa suna lalacewa kaɗan kaɗan. Zazzaɓin cizon sauro yana ƙara wannan ɓarna ƙwarai, domin ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga, ta ci, ta hayayyafa, ta fasa su. Shi ya sa yaro mai yawan zazzaɓi yakan ɗashe, tafin hannunsa ya yi fari.

Domin haka masu bincike suka sa ido a kan ayaba. Ga yadda ake irin wannan aiki. A tono gindin, a yanka, a shanya, a daka. A jiƙa garin, a tace, a ware sinadaran ɗaya ɗaya. Sa'an nan a zuba kowanne a kan ƙwayar cutar cikin ƙaramar kwalba, a duba da madubin likita. Wanda ya yi alamar aiki, sai a gwada shi a jikin ɓeraye. A nan ake ganin ko yana taɓa hanta ko ƙoda. Mutum shi ne na ƙarshe. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, wadda aka buɗe a 1962, akwai sashen koyon haɗa magunguna, inda ake gwada itatuwan ƙasarmu ta wannan hanya.

Kada wani ya ce wasa ne neman magani a gindin ayaba. Manyan magungunan zazzaɓi biyu daga tsiro suka fito. Kwinin daga ɓawon wani itace ne na Amurka ta Kudu. Waɗansu Faransawa biyu suka ware shi a 1820. A 1854 Likita Baikie ya shigo Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Na biyun daga wani irin tazargade ne na ƙasar Sin. Wata mata mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka bi magungunan gargajiya fiye da 2,000 kafin su dace da shi a 1972. Nijeriya ba ta mai da shi babban maganin zazzaɓi ba sai a 2005, bayan kulorokwin ya rage aiki. Ku lissafa shekarun da ke tsakani.

Gindin ayaba kuwa yana farkon wannan hanya. Abin da ya kashe ƙwayar cuta cikin kwalba ba lalle ne ya kashe ta cikin jinin yaro ba. Babu asibitin da ke ba da shi. Mun faɗi haka ne domin mun san halinmu. Da an ji labarin magani, gobe sai a ga wani ya tono na bayan gidansa ya dafa wa ɗansa. Ranar farko a ce a jira, rana ta biyu a ƙara kofi guda, rana ta uku yaro ya fara jijjiga. Zazzaɓin nan yana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

In jikin yaro ya yi zafi a Muciya ko Samaru, a kai shi asibiti ran nan. Za a ɗiga jininsa a kan ɗan allon gwaji, kafin minti 20 an san gaskiya. In cutar ce, za a ba da magani na kwana 3. A shanye shi duka, ko da yaro ya tashi yana wasa. Da dare kuma kowa ya shiga gidan sauro.

Tambayoyi

1. Ina ainihin jikin ayaba yake?
2. Wane sinadari ne ke cikin ayaba da bagaruwa?
3. Shekara nawa ne daga 1972 zuwa 2005?
4. Rubuta abin da za ka yi in jikin ɗanka ya yi zafi da dare.