Darasi na Bakwai: Matsalolin Kunna Faifan Sidi a Kwamfutar Tebur

7.0 Gabatarwa

Ba a koyar da waƙar baka ko karin sauti da allo kaɗai; dole ne ɗalibi ya ji da kunnensa. Waƙoƙin makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata, waɗanda aka fara ɗauka a kan tef ko faifan garmaho, an mayar da wasunsu kan faifan sidi, kuma akwai malaman da har yanzu a kansa suke ajiye da su. Wannan darasi zai duba abin da malami zai yi idan ya sa faifai a kwamfutar tebur ya ƙi magana, domin kada ya yanke wa faifan hukunci tun bai gano inda laifin yake ba.

7.1 Ƙirar Faifan

Kamfanonin Philips da Sony ne suka tsara ƙa'idar faifan sidi na sauti a shekarar 1980, ya shiga kasuwa a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, yana kuma ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80. Hasken leza ne ke karanta shi, yana bin layi guda da ya nannaɗo daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda ake ɗinka faifan rufe ƙwarya. Ashe Bahaushe bai yi kuskure ba da ya faɗaɗa ma'anar kalmar "faifai" ta haɗa da shi.

Abin lura shi ne, shimfiɗar da ke riƙe da sautin ta fi kusa da fuskar da ake rubutu a kai. Saboda haka ƙarzuwa a bayan faifai ta fi ta fuskar mai ƙyalli illa, kuma rubuta suna da biro mai tsini ɓarna ce.

7.2 Neman Inda Laifin Yake

Matakin farko shi ne malami ya dubi manhajar da ke kunna faifan. Idan lissafin daƙiƙoƙi yana tafiya amma ba a jin komai, to faifan da na'urar karanta shi lafiyarsu lau; laifin yana kan hanyar fitar sauti. Sai a duba ko lasifika na da wuta, ko wayarta na cikin kafa mai launin kore, ko an rufe murya, ko kwamfutar ta karkatar da sautin zuwa majigi. A tsofaffin kwamfutoci na zamanin Windows 98 akwai wata siririyar waya da ke haɗa na'urar faifai da katin sauti. Idan ta zare, kwamfutar za ta fitar da kowane sauti ban da na faifan sidi.

Idan kuwa kwamfutar ba ta ga faifan ba sam, sai a gwada wani faifan da aka tabbatar da lafiyarsa. In shi ma ya ƙi, na'urar ce, kuma sau da yawa ƙura ce ta rufe idonta, musamman lokacin hunturu. In ya yi, sai a koma kan na farko. Faifan da aka ɗora wa sauti a shago ba a rufe ɗaukarsa ba yakan ƙi yi a wata na'ura, wanda ya sha rana kuwa sinadarinsa yakan dushe.

Tsallake da in'ina galibi datti ne ko ƙarzuwa. Ana goge faifai da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye, domin na'urar tana iya cike gurbin ƙarzuwar da ta gitta layi, amma wadda ta bi layin takan fi ƙarfinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga darasin furuci: tsawon wasali ne kawai ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo, kuma faifan da ke tsallake yana iya haɗiye wannan bambanci.

7.3 Tarkon Kwafa

Nan ne aka fi yin asara. Idan aka buɗe faifan sauti a Windows, akan ga jerin fayiloli masu ƙarewa da .cda, ɗaya ga kowace waƙa. Sai mutum ya kwashe su zuwa filashi, ya mayar wa mai faifai kayansa, yana zaton ya mallaki waƙoƙin. Alhali kowane ɗayansu baiti 44 ne kacal, babu sauti a cikinsa. Alama ce kawai da ke nuna inda waƙa ta fara a kan faifan da kuma tsawonta. Da zarar an cire faifan, shi ke nan.

Hanyar da ta dace ita ce a tatso sautin da manhaja irin su Windows Media Player, a kuma saurari abin da aka tatsa bayan an cire faifan. Don sauraro a aji, tsarin MP3 ya wadatar. Don nazarin karin sauti da manhajar Praat kuwa, WAV ya fi, domin yana riƙe da sautin yadda yake a faifan, wato awo 44,100 a kowace daƙiƙa, shi kuwa MP3 yana zubar da wani ɓangare don ya rage nauyi. Yawancin sababbin kwamfutoci ba sa zuwa da na'urar faifai, sai dai a nemi ta waje a jona ta kafar USB.

7.4 Jinga

Wani malami ya sa faifai, lissafin daƙiƙoƙi na tafiya, amma aji bai ji komai ba. Ɗalibi ya bayyana abubuwan da malamin zai duba bi da bi, tare da dalilin da ya sa goge faifan ba zai amfane shi ba.