Darasi Na Goma Sha Biyu: Duwatsu Masu Aman Wuta

Idan kun taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jimeta ta ratsa Girei zuwa Song, ko wadda ta bi ta Numan da Guyuk ta nufi Biu, to wataƙila kun lura da wasu baƙaƙen duwatsu warwatse cikin gonaki, wasunsu da 'yan huji-huji kamar soso. Ku kwatanta su da Dutsen Bagale da kuke hangowa a tsallaken Binuwai. Shi Bagale yashi ne ya taru ya daskare tun zamanin da ba a san farkonsa ba. Su kuwa baƙaƙen nan daga cikin ƙasa suka fito a narke, ja wur kamar ƙarfe a maƙera, suka malala, sannan suka huce.

Ƙasar da muke takawa tamkar ɓawo ce, kaurinta a doron ƙasa bai cika wuce kilomita 30 zuwa 50 ba. Gwargwadon nisan da aka yi cikinta, gwargwadon ƙaruwar zafi. Maɓulɓular Ruwan Zafi ta Lamurde shaida ce: ruwan sama ne ya nutsa can ƙasa, ya ɗauko zafi, ya dawo. Ɓawon nan kuma ba falle ɗaya ba ne. A rarrabe yake, manyan faifai ne da ke motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. A inda faifai biyu suke rabuwa, ko inda ɗaya ke nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa, dutsen da ke ƙasa yakan narke. Da yake narkakken dutse bai kai daskararre nauyi ba, sai ya riƙa neman hanyar hawa, yana bin tsaga-tsaga, har ya taru a wani babban kogo. Ranar da ya fi ƙarfin abin da ya danne shi, sai ya ɓarke. Wannan shi ake kira aman wuta, ko da yake ba wuta ba ce irin ta itace. Dutse ne da zafinsa kan haura digiri 1,000, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Ba kowane dutse ke amai iri ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar tuwo zai gane dalili. Ruwa tsinkakke yakan tafasa salin-alin, tururi ya fice abinsa. Amma da zarar talge ya yi kauri, sai ya riƙe tururin, ya kumbura, ya fashe, ya fantsamo wa mai tuƙi a hannu. Haka narkakken dutse yake, domin cike yake da iska. In tsinkakke ne, sai ya kwarara kamar kogi, mutum ma kan iya tsere masa. In kuwa kakkaura ne, to fashewa yake yi, ya watsa toka da tsakuwa sama, rana tsaka ta koma dare.

Mu da ke Adamawa maƙwabtan irin waɗannan duwatsu ne. Akwai jerinsu da ya kai tsawon kilomita 1,600, wanda ya faro daga tsibiran Tekun Atilantika irin su Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, sannan ya yi rassa, ɗaya ya nufi Ngaundere, ɗaya ya nufo Biu. Abin mamaki, jerin ba a bakin wani faifai yake ba, shi ya sa har gobe masana ke muhawara kan musabbabinsa. Na wajenmu sun daɗe da yin shiru. Binciken duwatsun Biu ya nuna sun fito ne tsakanin shekara miliyan 5 da ƙasa da miliyan 1 da suka wuce, kuma Tafkin Tila da ke kusa da garin tsohon bakin dutse ne da ruwa ya cika. Dutsen Kamaru kuwa, mai tsayin sama da mita 4,000, yana nan da ransa. Ya yi amai a 1959 da 1982, a 1999 ma malalarsa ta datse hanyar mota ta bakin teku kusa da Limbe, ya kuma sake a 2000.

Sai dai babbar musibar da jerin nan ya jawo ba da wuta ta zo ba. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru ya saki wata iska mai suna kabon-dayoksaid. Tafkin bakin dutse ne, zurfinsa kimanin mita 200, kuma shekara da shekaru iskar na tsatso masa daga ƙasa tana narkewa cikin ruwan gindinsa, kamar yadda take cikin kwalbar lemo kafin a buɗe. Daren nan sai murfi ya cire. Iskar ba ta da launi, ta kuma fi wadda muke shaƙa nauyi, saboda haka ta gangara kwaruruka ta mamaye ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Fiye da mutum 1,700 suka rasu, da yawansu suna barci, tare da dabbobi kimanin 3,500, galibi shanun Fulani makiyaya. Bukkoki na tsaye, itatuwa na tsaye, amma ba mai motsi. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monun ya hallaka mutum 37 ta wannan hanya.

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan aikin masana yake. Ba wanda ya isa ya hana dutse amai, amma dutse ba ya tashi ba sallama. Narkakken dutse in yana hawa yakan haddasa ƙananan girgiza da mutum ba ya ji, na'urar auna girgizar ƙasa kuwa tana ji. Jikin dutsen yakan ɗan kumbura, tauraron ɗan'adam ya gani daga sama. Warin farar wuta yakan ƙaru, a auna shi. Da irin waɗannan alamu aka kwashe dubun-dubatar mutane daga kewayen Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin kafin ya fashe a watan Yuni 1991. A Nyos kuma, tun 2001 aka zura dogon bututu har gindin tafkin yana feso ruwa don iskar ta fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011. Nijeriya ma ta gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba, domin in gaɓar tafkin ta karye, a tare ambaliyar kafin ta bi Kogin Katsina-Ala ta faɗa Binuwai. Wanda ke sha'awar wannan ilimi a cikinku ba sai ya yi nisa ba: ana koyar da kimiyyar duwatsu a Jami'ar Modibbo Adama da ke nan Yola.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin asalin Dutsen Bagale da na baƙaƙen duwatsun Biu?
2. Me ya sa aka kwatanta narkakken dutse da talge?
3. Ta yaya iskar Tafkin Nyos ta isa ƙauyuka ba a ankara ba?
4. Ku yi amfani da waɗannan a cikin jimla: ja wur, salin-alin, musabbabi, har gobe.

Aiki

Ku tambayi wani dattijo sunan dutsen da ya fi kusa da garinku da abin da ake faɗa game da shi, ku rubuta da Hausa cikin jimla goma. Wanda ya sami baƙin dutse mai huji-huji ya kawo aji.