Nauyi Biyu a Kan Mutum Ɗaya: Darasi a Kan Bashi da Lafiyar Jiki

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba wanda zai musa wannan magana a ƙasar Batsari da Safana, gama da wuya a shiga gida a tarar da magidancin da ba a binsa ko taro. Amma hanji ma idan ya kumbura yakan kwantar da mai shi. Darasinmu na wannan karo a kan bashin da ya kumbura ne, da kuma jikin da ke ɗauke da shi, domin sau da yawa ƙofar da kuɗin gida ke zurarewa ta cikinta ita ce ƙofar da cuta ke shigowa.

Kafin mu ci gaba dole mu raba bashi gida biyu, don kada mu ɗora wa mai rauni laifin da ba nasa ba. Akwai bashin da masifa ta jawo. Garuruwanmu suna bakin dajin Rugu, mun kuwa san abin da ya fito daga cikinsa shekara da shekaru. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2020 ba, sa'ad da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Gidaje da yawa sun sayar da shanun huɗa, sun jinginar da gonakin gado, sun bi dangi ɗaya ɗaya suna rance domin su biya kuɗin fansar ɗa ko mata. Wanda ya ci irin wannan bashi ba shi da abin jin kunya, kuma ba rage shan shayi ne zai fitar da shi ba. Shi sai jama'a sun sa hannu, masu binsa kuma su yi masa rangwame da jinkiri. Sa'an nan akwai bashin da muke haƙa wa kanmu da cokali, kaɗan kaɗan, har ramin ya fi ƙarfinmu. Yawancin maganarmu a kan wannan na biyu ne, ko da yake wanda ke cikin na fari ma zai sami abin ɗauka.

Kowa ya san yadda shekarar manomi take juyawa. Da kaka, sa'ad da hatsi ya cika kasuwa farashi ya faɗi, a lokacin ne masu bin bashi suke sallama, a lokacin ne kuma bukukuwa suke taruwa: aure, suna, ankon Kirsimeti. Sai a buɗe rumbu a sayar da araha. Kafin watan Yuli ko Agusta rumbun ya yi ƙasa, sai mutum ya koma ya sayi irin hatsin da ya noma da hannunsa a kan tsada, ko ya karɓi buhu ɗaya da alkawarin zai mayar da ɗaya da rabi ko biyu idan kaka ta yi. Wanda ya yi haka ya cinye rabin amfanin baɗi tun bai shuka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, abin ya ƙara tsanani, har tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Da farashin hatsi ya sauko a 2025, mai saye ya numfasa, amma manomin da ya ci bashin taki mai tsada ya tarar buhunan da ya girbe ba su kai abin da ake binsa ba.

Mu dubi lissafin ruwa kaɗan, gama a nan ake yaudarar mutane da yawa. Idan aka ce maka ruwan bashi kashi 10 ne cikin 100 a wata, kunne yakan ji kamar abu kaɗan. A shekara kashi 120 ke nan. Watau wanda ya ranci naira 50,000 zai biya ruwan naira 60,000 cikin wata goma sha biyu, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Masu ba da rance ta wayar hannu sun fi wannan tsanani, wasunsu kuwa idan ka makara sukan aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon cin mutunci.

To, ina ruwan wannan da ƙiba? Wani zai ce, a ƙasar da yara ke fama da tamowa, wane ne yake da naman da zai rage? Tambayar tana da hujja. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 sun mutu saboda rashin abinci mai gina jiki a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Saboda haka muna faɗa da babbar murya: maganar rage nauyi ba ta shafi yara ba, ba ta shafi mai ciki ko mai shayarwa ba, ba ta shafi wanda ƙasusuwansa suka fito ba. Amma mu duba cikinmu da gaskiya. Akwai malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma, akwai ɗan kasuwa mai wuni a zaune cikin shago, akwai uwar gida mai sana'ar suya, akwai kuma manomin da tsoro ya raba shi da gonarsa ya dawo gari, ya bar fartanya amma bai bar cin tuwon mai noma ba. A cikin waɗannan ne tumbi yake fitowa, mu kuwa mukan yi musu barka mu ce hutu ya karɓe su. Sau da yawa a gida ɗaya za a ga uba mai teɓa da yaro mai ƙafa kamar sillen kara. Abincin bai rasa ba ɗungum, rabonsa ne ya karkace.

Bayan tumbi kuma hawan jini da ciwon suga suke biyowa, su kuwa cututtuka ne masu cin kuɗi har ƙarshen rai. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Ranar da ɓarin jikin magidanci ya shanye, a ranar ake fara sabon bashi, wanda zai biya shi kuma yana kwance.

Ga inda nauyin nan biyu suke haɗuwa. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda, ta kuma ce rabin haka ya fi. Ƙara da shayin safe mai cokali huɗu da madara, da taba, da burukutu ko giyar kwalba ga masu sha, da ƙwayoyin da samari ke haɗiya wai don ƙarfin aiki. A ce duka waɗannan naira 500 kaɗai suke ci a rana. A wata naira 15,000 ne, a shekara 182,500. Mutumin da ake binsa 100,000 yana kuka ba shi da hanyar biya, ga shi yana zuba kusan ninki biyu na bashin a cikin abin da ke lalata masa jini.

Abin farin ciki kuwa, abincin da ya fi gyara jiki shi ne wanda ya fi araha a wurinmu: gero da dawa da ba a surfe su har sun yi fari fat ba, wake, kwaɗon zogale ko rama, miyar kuka da yakuwa, dankali, a dafa maimakon a soya. A rage mai, a rage malmala ɗaya, a ƙara ganye. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, a tuna kuma dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne. Daddawar iyayenmu tana nan. Jiki yana bukatar motsi na minti 150 a mako, kamar tafiyar rabin awa da sauri sau biyar, kuma kowace tafiyar da aka yi da ƙafa kuɗin acaɓa ne ya koma aljihu. Ba a bukatar ramewa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da irin wannan motsi, kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan, a hankali cikin watanni. Amma wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa da yawan fitsari ko tari mai daɗewa, wannan ba nasara ba ce, ya tafi asibiti. Masu tallar maganin rage tumbi a cikin kwalba a ranar kasuwa kuma, a bar musu kayansu.

Kuɗin da aka tsirar, a ba shi wurin zuwa tun kafin ya shigo hannu, in ba haka ba zai bi wata ƙofar. Miji da mata su zauna su rubuta dukan bashin da ke kansu, na mai shago da na dangi da na mai ruwa, ba tare da ɓoye ko ɗaya ba. Wannan zama yana da ɗaci, gama gidaje da yawa matar ba ta san an jinginar da gona ba sai ranar da baƙo ya zo da shanunsa zai yi huɗa. A fara kashe bashi mai ruwa mafi yawa, sauran a riƙa ba su ɗan abin da ya samu. A je wurin mai bin bashi kafin shi ya zo. Wanda ya kai kansa da dubu biyu a hannu ya faɗi gaskiya, yakan sami sauƙin da mai ɓuya bayan ɗaki ba ya samu. Kada a ci sabon bashi don a biya tsoho. Da kaka kuma a fara ware abincin shekara a rufe, sa'an nan a yi maganar sayarwa. Wake ma yanzu ana iya ajiye shi watanni a buhu mai ninki uku da ba ya shan iska, ba tare da magani ba.

Mutum ɗaya yakan gaji, shi ya sa yake da kyau mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi, can ƙetaren iyaka bayan Jibiya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a can a kan wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata sukan taru kowane mako su zuba abin da suka amince a cikin akwati mai kwaɗo, su ranta wa junansu da ɗan ruwa kaɗan, su ware wani abu domin rashin lafiya ko rasuwa, a ƙarshen zagaye kuma su raba uwar kuɗi da riba. Bambancinsa da adashe shi ne mace tana samun rance ranar da bukata ta taso, ba sai kwasarta ta zo ba, ruwan da ta biya kuma cikin akwatinsu yake komawa. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Ba daga banki ya fito ba, daga matan da suke magana da harshenmu, suke cin irin tuwonmu ya fito.

Zumuntar mata da ƙungiyar maza da ta matasa a kowace majami'a suna iya kafa irin wannan akwati, da mutum goma sha biyar zuwa ashirin da biyar, makullai uku a hannun mutum uku, ana kuma ƙirga kuɗin a gaban kowa. Muna ba da shawara a ƙara abu ɗaya a kai: daga rabon farko a sayi na'urar awon jini da ma'aunin nauyi, a roƙi wani ma'aikacin lafiya daga cikinmu ya koya wa mutum biyu yadda ake amfani da su. Ranar zubi sai a auna kowa, a rubuta a bayan littafin da ake rubuta kuɗi. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce har sau biyu a ranaku dabam, a raka shi asibiti cikin makon nan, kuɗin mota kuma a ɗauka daga asusun taimako.